Bututu mai tambarin C-276 ya shigo Magazin cikin kondem

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wasu guntayen bututu ne suka shigo mana Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, cikin kondem, wato tsoffin ƙarafa, bakinsu inci 2, kaurin bango wajen milimita 3. An buga musu HASTELLOY C-276 a jiki, sai N10276, sai wata doguwar lamba. Mayen ƙarfe ba ya kama su, tsatsa ko ɗigo babu, kuma a hannu sun fi sitenles nauyi. Masu sikeli sun ce kuɗin sitenles za su biya. Don Allah wane irin ƙarfe ne wannan, me ake yi da shi?

Alhaji Mai Sikeli:
Wa alaikumus salam. Yaro, janye kayanka gefe tukuna. In tambarin nan gaskiya ne, wanda ya yi maka tayin kuɗin sitenles ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani sarai. Sitenles 304 da ake saye kullum, a kilo 100 nikel ɗin da ke ciki kilo 8 ne zuwa 10. Wannan kuwa a kilo 100 akwai nikel wajen kilo 57, molibdinam 16, tungstin kusan 4. Ukun nan duk masu tsada ne. Baƙin ƙarfen da ke ciki kilo 4 ne zuwa 7 kawai. Kuma kar ya kuskura ya bi lodin baƙin ƙarfe. Tun 2013 dokar Ghana ta hana fitar da kondem na baƙin ƙarfe waje, masana'antun Tema ne ke narkar da shi su yi rodi. In bututun nan ya hau wannan mota, rodin gini zai koma.

Fita Mai Tirela:
Alhaji a yi haƙuri, ni dai ban ga abin tada hankali ba. Fari ne, ba ya tsatsa, maye ba ya kamawa. Sitenles ne aka laƙaba wa suna mai daɗi don a ƙara kuɗi.

Malam Injiniya:
Yaya Fita, ba danginsu ɗaya ba. Sitenles jikinsa baƙin ƙarfe ne, wajen kashi 70 cikin 100, aka ƙara masa kuromiyam don ya yi wata siririyar fata da ke kare shi daga tsatsa. Gishiri da asid mai kulorin su ne ke huda wannan fata. Shi ya sa 304 ke yin ƙananan ramuka a bakin teku, yakan ma tsage in ruwan gishirin yana da zafi. C-276 jikinsa nikel ne. Nikel ya sa kulorin ba ya tsaga shi, molibdinam ya tare asid irin haidirokulorik da salfurik, kuromiyam kashi 16 ya tare masu ƙona ƙarfe irin ruwan bilic.

Kamfanin da ke da sunan Hastelloy shi ne Haynes International, a garin Kokomo, jihar Indiyana ta Amurka. Wanda ya kafa shi, Elwood Haynes, na cikin mutanen farko da suka ƙera mota a Amurka, a 1894 ya gwada tasa a Kokomo ɗin. A 1907 ya samu takardar mallakar wani haɗi na kobalt da kuromiyam, daga baya ya ƙara masa tungstin, shi ne Stellite. A 1912 ya buɗe masana'anta. Abin da ya ɗaga kasuwarsa yaƙin duniya na ɗaya ne, saboda wuƙar injin sassaƙar ƙarfe da aka yi da Stellite ba ta laushi ko ta yi ja da zafi, ana iya ƙara wa injin gudu. A 1920 Union Carbide ta saye kamfanin, kuma a ƙarƙashinta aka fara haɗin nikel da molibdinam da ake kira Hastelloy, aka yi A da B, sannan C da aka sa wa kuromiyam. A yaƙin duniya na biyu sun zuba miliyoyin fukafukan turbo na injin jiragen sama. A 1970 kamfanin ya koma hannun Cabot, daga baya ya tsaya da ƙafarsa da sunan da yake da shi yanzu, a 2024 kuma Acerinox ta ƙasar Sifen ta saye shi.

Abin da ya fi shafarmu a tarihin nan shi ne dalilin da ya sa aka yi C-276. Tsohon Hastelloy C yana da ciwo ɗaya: in an yi masa walda, kabon da silikon da ke cikinsa sukan taru a iyakokin ƙwayoyin ƙarfen gefen waldar, su janye molibdinam da kuromiyam daga wurin. Sai asid ya bar tsakiyar faranti lafiya lau, ya bi gefen walda ya ci. Dole bayan walda a sa tanki ɗungurungum a tanda a gasa shi a sanyaya da sauri, abin da ba ya yiwuwa ga babban tanki. A shekarun 1960 aka fito da C-276, kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.01 ba, silikon bai wuce 0.08 ba. Wannan ƙarancin kabon na cikin abin da ake biyan kuɗi dominsa. Ku riƙe shi, don duk ɓarnar da ake yi wa ƙarfen nan a gareji, mayar masa da kabon ɗin ne ko wani datti.

Ɗalibin Tek:
Malam ya gama bayani. Ga yadda za a gwada ba tare da na'ura ba. A yanko ɗan guntu da faifan giranda, a auna shi a ƙaramin sikeli mai lamba irin na masu sayen zinariya. Sai a ɗora kofin ruwa kan sikelin a mayar da shi sifili, a ɗaure guntun da zare a nutsar da shi gaba ɗaya, kar ya taɓa gindi ko gefe, kar kumfar iska ta maƙale a jikinsa. Lambar da sikeli ya nuna ita ce girman guntun. A raba nauyin farko da ita. Sitenles 304 da 316 za su ba da 7.9 zuwa 8.0. Inconel 625, wani haɗin nikel ɗin, zai ba da 8.4. C-276 zai ba da 8.9. Misali guntu mai giram 178, ruwa ya nuna 20, ya zama 8.9.

Tartsatsi ma na taimakawa. A giranda sitenles na ba da tartsatsi mai ɗan tsawo, haɗin nikel kuwa gajere ne, kaɗan, ja mai duhu, ba ya rassa.

Alhaji Mai Sikeli:
Gwajin ruwa yana raba shi da sitenles, amma ba ya rufe ciniki. Monel 400 ma 8.8 yake bayarwa, kuma shi nikel ne da jan ƙarfe, kuɗinsa daban. Mai sayen gaske ba zai biya ba sai ya ɗora masa bindigar gwaji, wadda ke karanta sinadaran ƙarfe cikin daƙiƙoƙi. Kafin a kai, a cire duk wani filanji ko noti na baƙin ƙarfe da ke jiki, a goge fenti a wurin da za a ɗora bindigar, kuma kar a haɗa shi buhu ɗaya da 316. Kaya gauraye farashin mafi arha ake ba shi.

Sai magana ta biyu, ɗana. Irin wannan bututu ba daga kicin yake fitowa ba. Wurarensa matatar mai, masana'antar gas, ma'adinai, masana'antar sinadarai. Ka tabbata wanda ya sayar maka yana da takardar gwanjo ko ta fitar da kaya. Doguwar lambar nan da ka gani lambar narki ce, da ita ake bin sawun ƙarfe tun daga tandar da aka narka shi har wurin wanda ya saya.

Ɗalibin Tek:
Ƙari kan maganar Baba Alhaji: bindigar tana ganin nikel, molibdinam, kuromiyam da tungstin, za ta raba C-276 da ɗan'uwansa C-22, amma ba ta ganin kabon. Ga mai sayar da kondem wannan ba komai. Ga wanda zai mayar da bututun aikin asid, sai takardar masana'anta mai ɗauke da lambar narkin nan.

Ɗan Aboabo:
An gwada, Baba. Giram 133, ruwa ya nuna 15. Takardar gwanjo ma akwai. Allah ya saka da alheri.

Fita Mai Tirela:
To na ji, ba sitenles ba ne. Tunda ƙarfen jirgin sama ne, a sayar mini in yi salansar tirela da ba za ta sake ruɓewa ba.

Malam Injiniya:
Nan ne ake yawan rikicewa. Kayan kamfanin nan gida biyu ne: na asid da na wuta. Dangin B da C na asid ne. B-3 nikel ne wajen kashi 65 da molibdinam 28 da ɗoriya, kuromiyam kusan babu, gwanin haidirokulorik ne zalla, amma in tsatsar baƙin ƙarfe ko ta jan ƙarfe ta narke cikin asid ɗin, nan da nan yake cinyewa. C-22 na shekarun 1980 an ɗaga masa kuromiyam zuwa 22, an rage molibdinam zuwa 13.

Na wuta su ne Hastelloy X, Haynes 25, 188, 230, 282. X nikel ne kashi 47, kuromiyam 22, baƙin ƙarfe 18, molibdinam 9, tun shekarun 1950 ake yin ɗakin ƙona mai na injin jirgi da shi, da injinan gas masu ba da lantarki irin waɗanda ake gani a Aboadze da Anwomaso. Haynes 25 kuwa kobalt ne rabinsa, da tungstin kashi 15.

C-276 in ya daɗe a zafi tsakanin digiri 650 zuwa 1,000 a ma'aunin Selsiyos, molibdinam da tungstin ɗinsa na taruwa su yi wasu ƙwayoyi masu gautsi, ya rasa laushinsa da juriyar asid. A bayan salansa inda zafi bai kai haka ba zai zauna lafiya, amma asara ce. Sitenles 409 ko 304 sun isa wannan aiki, kuɗin bututu ɗaya na C-276 zai saya maka su da yawa.

Mai Zubi, Magazin:
Malam, in an narka shi fa? A zuba ƙaramin famfo ko bawul.

Malam Injiniya:
Kar a fara, Masta. Yana narkewa tsakanin digiri 1,323 da 1,371, sama da ƙarfen zubin da kuke yin faifan nikanika da shi. Ko tanda ta kai, gawayi da tukunyar girafait kabon ne tsantsa, ƙarfen zai sha ya ƙoshi. Iska kuma ta ƙone kuromiyam. A masana'anta ana busa masa agon da iskar oksijin don cire kabon, sannan a sake narka shi ta cikin wani narkakken ɓawo da ke tace shi, wasu ma a tandar da aka zuƙe wa iska ake narka su. Abin da zai fito daga tandarmu dunƙule ne mai tsada wanda ba C-276 ba, mai bindiga ma zai rage masa kuɗi.

Masta Mai Walda:
Tunda an zo wurinmu, bari in faɗi yadda ake haɗa shi, don wata rana aikin ma'adinai ko na Tema zai faɗo wa wani a nan.

Yanka da farko. Wutar gas ba ta yanka shi, narkar da baki kawai take yi ta cusa masa kabon. Filasma ko faifan giranda. In filasma ce, a goge bakin har sai farin ƙarfe ya fito. Faifan ya zama sabo wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, burushi ma na sitenles ne da aka ware masa shi kaɗai.

Tsafta ita ce aikin. Maƙiyan nikel su ne farar wuta, dalma da zin. Suna cikin giris, baƙin mai, fenti, alli mai maiƙo da muke zana layi da shi, da tebur ɗin da aka yi aikin galbanais a kai. Ɗan kaɗan ya shiga walda, sai ta tsage a tsakiyarta tun tana da zafi, tsaga mai bin tsawon layi. A goge santimita 3 zuwa 5 kowane gefe, ciki da waje, a share da asiton da tsumma mai tsafta. Ba fetur ba, ba kananzir ba.

Ruwan waldarsa kauri gare shi kamar koko, ba ya gudu ya cika gefe da kansa, kuma ba ya nutsewa ciki. Mai walda da ya saba da baƙin ƙarfe in ya ga haka sai ya ƙara wuta. Kuskuren ke nan. Ƙarin wuta ba ya sa shi gudu, zafi kawai yake tarawa ya jawo tsaga. Maganin a buɗe bakin haɗin: kusurwa digiri 70 zuwa 80 maimakon 60 da aka saba, a bar tazara wajen milimita 2 zuwa 2.5, a kai ruwan inda ake so da hannu.

Ga bututu mai kaurin milimita 3, TIG, wato waldar agon, ce ta dace. Toci a kan negatif, tsinken tungstin 2.4, waya ERNiCrMo-4 mai kaurin 1.6 ko 2.4, wuta tsakanin amfiya 70 da 110 gwargwadon hannu, agon zalla lita 9 zuwa 14 a minti. Cikin bututun dole a cika shi da agon kafin layin farko. A toshe bakuna biyu, a bar ƙaramar kafa a sama don iska ta fita, tunda agon ya fi iska nauyi. In ba a yi ba cikin zai yi baƙin ƙuraje, kuma nan ne asid zai fara ci, wurin da ido ba ya gani.

Ba a ɗumama shi kafin walda, sai dai a kori raɓa. Layi siriri miƙaƙƙe, ba lilo mai faɗi ba, ya ɗan yi tudu kaɗan, don layi mai kwarmi ya fi saurin tsagewa. Tsakanin layi da layi a bari ya sauka ƙasa da digiri 93. Ƙarshen kowane layi a cika ramin kafin a ɗaga toci, sannan a goge mafari da ƙarshe da giranda kafin a ɗora na gaba. Bayan an gama kar a ce za a gasa shi da wuta don ya saki jiki kamar yadda ake wa baƙin ƙarfe a digiri 600 da wani abu. Wannan zafin shi ne mai lalata shi. In gashi ya zama dole, digiri 1,121 ne, a tsoma a ruwa nan take, kuma ba aikin gareji ba ne.

Hajiya Mai Kayan Walda:
Sannu Masta. Ni ta wajen sanda zan yi magana, don nan yara ke ɓata aiki tun kafin su kunna inji. Yaro zai zo ya ce a ba shi sandar nikel. Sandar nikel da Magazin ta sani ita ce ENi-CI ko ENiFe-CI, ta ɗinkin bulok ɗin inji da ƙarfen zubi. Ɓawonta cike yake da girafait. Wanda ya ɗora ta kan bututun nan ya zuba masa kabon da hannunsa. 308 da 309 na sitenles ma ba nasa ba ne, balle 6013 ta baƙin ƙarfe.

Tasa ita ce ENiCrMo-4, an rubuta a jikin kowace sanda kusa da gindi. Geji 12 tana son amfiya 55 zuwa 75, geji 10 kuma 80 zuwa 100, a kan DC, sanda a fositif. Wutarta ba ta kai wadda kuka saba ba, saboda cikin sandar ba ya wuce da lantarki da sauƙi, in an cika wuta sai ta yi ja tun daga rabi, ɓawonta ya zube. Tiransifoma ta AC da ake naɗawa a gida ba ta wannan aiki.

Sannan damshin Kumasi. Gwangwaninta a rufe yake zuwa. Da an buɗe, sai tandar ajiya mai zafin digiri 120 zuwa 200. Sandar da ta kwana a buɗe lokacin damina za ta ba da walda mai ƙananan ramuka.

Masta Mai Walda:
Gaskiya ne Hajiya. Sai dai a faɗi wata gaskiyar: lamba 4 ba ta samuwa da sauƙi. ERNiCrMo-3, wayar 625, ta fi yawo a hannun masu kawo kayan ma'adinai da na mai. Tana kama C-276 tsaf, ba ta tsagewa, tana ma haɗa shi da baƙin ƙarfe ko sitenles. Ni a ganina in ita ce a hannu, a yi aiki.

Malam Injiniya:
Masta, a nan ban bi ka ba. Kamawa za ta kama, ƙarfi ma akwai. Amma 625 molibdinam ɗinta kashi 8 zuwa 10 ne, bututun kuma 16. Ƙari a kan haka, walda in tana daskarewa molibdinam ba ya rabuwa daidai, wasu gurabe kan samu ƙasa da abin da ke cikin wayar. Ka ga an sayi bututu mai tsada don asid, an ɗinke shi da abin da asid ɗin zai fara ci. Shi ya sa a wurare masu tsanani har waya mai sinadari fiye da na bututun ake nema.

Masta Mai Walda:
Ya danganta da abin da zai bi ciki, Malam. In ƙafa ce za a manna wa tanki ta waje, ko a haɗa shi da filanjin baƙin ƙarfe inda ruwan ba ya taɓawa, ko ruwan teku ne kawai, lamba 3 ta wadatar. Ba kowane haɗi ne ke ganin asid ba.

Malam Injiniya:
A kan na waje mun daidaita. Duk haɗin da asid zai jiƙa, lamba 4 ko a jira ta.

Ɗan Alabar:
Iyayena, tambaya daga masu harkar zinariya. Za a iya yin tukunyar dafa asid da shi?

Ɗalibin Tek:
Wane asid, Yaya? In naitirik ne mai zafi, C-276 ba gwaninsa ba ne, kuromiyam ɗinsa ya yi kaɗan, molibdinam kuma ba ya taimako a nan. Sitenles 304L mai arha ya fi shi daɗewa a naitirik. In kuma haɗin nan ne na haidirokulorik kashi 3 da naitirik kashi 1 da ke narkar da zinariya, zai ci tukunyar, ya kuma ɓata ruwan da nikel da molibdinam. Wannan aikin gilashin ɗakin gwaji ne mai jure zafi, a fili inda iska ke wucewa, don jan hayaƙin nan yana ƙona huhu, wani lokaci sai bayan awoyi mutum zai fara jin numfashi na gagara. Inda C-276 ya yi fice shi ne iskar kulorin mai damshi, ruwan bilic mai ƙarfi, haidirokulorik da salfurik marasa tsananin zafi, da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai na rijiyoyin mai.

Mai Gyaran Zarto, Sokoban:
Ana ta maganar asid, alhali kayan Haynes da ya fi daɗewa a Kumasi yana bakin zarto. Katako irin baku yana da yashi a cikin naman itacen, haƙorin zarto na ƙarfe zalla ba ya jimawa yake dakushewa. Shi ya sa ake ɗora wa kowane haƙori ɗigon Stellite 12. Ya fi kabaid jure bugu, kuma ruwan ɗanyen itace ba ya cin sa.

Wurin da aikin ke lalacewa ba a ɗigon ba ne, a ƙarfen da ke bayansa ne. Zafin walda na taurara wuyan haƙorin ya yi gautsi, in ba a sake ɗumama shi an sassauta ba, haƙori zai karye da ɗigonsa a gungumen farko. Bayan sassautawa sai a wasa gefe biyu su daidaita, sannan fuska da baya. Haƙori ɗaya ya fi sauran faɗi, shi kaɗai zai riƙa zana layi a jikin katako. Dutsen wasa na CBN, wato boron naitiraid, ko na alumina, ba na daimon da ake wa kabaid ba.

Malam Injiniya:
Madalla da wannan. Gyara ɗaya: Elwood Haynes ne ya ƙirƙiro Stellite, amma sunan yanzu ba a hannun kamfanin Kokomo yake ba. Ya bi ta Deloro Stellite, wadda Kennametal ta saya a 2012. Wanda zai yi oda ya san ƙofar da zai buga. Lambobin kuma kabon da tungstin ne ke raba su. Lamba 6 kabon wajen kashi 1, tungstin 4 zuwa 6, taurinsa wajen 40 a ma'aunin Rokwel, shi ne na bawul. Lamba 12 ya fi shi tauri, lamba 1 ya fi duka, ya kuma fi saurin tsagewa. Ku lura, a nan kabon ake so, shi ke yin ƙwayoyin da ke hana cinyewa.

Fita Mai Tirela:
To wannan ya shafe ni. Fuskar bawul ɗin hayaƙi na manyan injinan dizal, ana iya sake ɗora mata a nan?

Masta Mai Walda:
Ana yi, kuma a nan wutar gas ce ta fi, akasin bututun can. Sanda ERCoCr-A, wato lamba 6. A sassaƙe tsohuwar fuskar har a wuce duk tsaga, a bar kwarmi mai zagayayyen gefe. A buɗe asitilin fiye da oksijin har gashin harshen wutar ya kai ninki 3 na ɗan farin cikin. A ɗumama kan bawul ɗin gaba ɗaya, sannan a tsaya wuri ɗaya har fatar ƙarfen ta yi sheƙi kamar ta jiƙe. Fatar kawai, ba a narka jikin ba. A nan ake ɗiga sandar, ta bazu da kanta. In aka narka jikin bawul, baƙin ƙarfe zai gauraya da Stellite, tauri ya sauka. Kauri milimita 1.5 zuwa 2 bayan wasa ya isa. Da an zagayo a janye wutar sannu a hankali, a binne shi cikin busasshiyar toka ko farar ƙasa har ya huce da kansa. Iskar fanka ko sanyin siminti na tsaga shi. Bawul ɗin da wuyansa ya siraɗe ko sandarsa ta lanƙwashe kuwa a jefar, fuska sabuwa ba za ta hana shi tsinkewa cikin inji ba.

Hajiya Mai Kayan Walda:
Ku ji tsoron Allah game da yaran da kuke sa wa wasa. Ƙurar kobalt na kawo asma da ciwon huhu da ba ya warkewa, hayaƙin waldar kuromiyam da nikel kuma na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Hankici a hanci ba ya tare komai. Takunkumi mai tacewa P3 ko P100, wasa da ruwa in zai yiwu, kuma ƙurar a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba a hure ta da kwamfuresa ba.

Mai Zubi, Magazin:
Masta, saura huda. An ce ƙarfen nan na cinye bakin diril.

Masta Mai Walda:
Yana ci, saboda da an goge shi ba a yanka ba sai fatarsa ta taurare, kuma zafi ba ya bin jikinsa ya tafi, a bakin diril yake taruwa. Diril mai kobalt, M42, gajere, mai kaifi. Gudu mita 3 zuwa 5 a minti, wato diril na milimita 10 kar ya wuce juyi 100 zuwa 150 a minti. Diril ɗin hannu ya yi sauri da yawa, sai na tsaye. A danna da nauyi ba tsayawa, a ga ɓawo na fita a murɗe. Da ka sassauta hannu ya yi juyi biyu a banza, gindin ramin ya taurare, sabon diril ma sai ya sha wuya. Kar a buga fanci da ƙarfi wurin sa alama, shi ma yana taurara wurin.

A injin sassaƙa, wuƙar kabaid, mita 25 a minti wajen sassaƙar farko, sandar milimita 50 ke nan juyi 160, ci milimita 0.2 zuwa 0.25 a kowane juyi, zurfin yanka ya wuce fatar da zagayen baya ya taurara. Ruwan sanyaya ya zuba ba yankewa. In an yi amfani da man yanka mai farar wuta, a wanke shi tas da asiton kafin walda ta kusanci wurin.

Alhaji Mai Sikeli:
Ɓawon sassaƙar ma kar a share shi cikin na baƙin ƙarfe. A shimfiɗa buhu ƙarƙashin inji kafin a fara, a tara shi daban, a tsane mai, a rubuta lambar ƙarfen a jikin buhun. Kuɗinsa bai kai na guntu ba, amma ana saye.